Ticha Agbeko da Wasiƙar Ingila

Ƙanena Agbeko wata huɗu ya yi a Tema, tashar jiragen ruwan Gana, yana wanke kwanuka a wani gidan abinci. Wata huɗu cif, don ni na raka shi ya hau mota, ni kuma na ga saukarsa. Amma ya dawo mana ƙauyenmu Atsikope da malafa, da laima, da tabarau mai gilashi a ido ɗaya, ya tsaya a gaban kaskon da nake suyar doya ya ce, "Gud monin, madam." Rana tana shirin faɗuwa.

"Agbeko, nono ɗaya fa muka sha," na ce. "Wace ce madam?"

"Yi haƙuri, Da Enyo," ya ce, Da ɗin nan kuwa laƙabin yaya mace ne a yarenmu. "Bakina ne ya saba. Yanzu ko mafarki da Ingilishi nake yi. Kuma daga yau Ticha za ki riƙa ce mini."

"Ticha na wace makaranta?"

"Za ki gani."

Na kuwa gani. Washegari ya kafa allo a jikin mangwaron da nake zama ƙarƙashinsa, ya rubuta cewa a nan ake karanta wasiƙun Ingilishi a fassara su. Mu kuwa yaranmu Faransanci suke karantawa a makaranta, a gida yaren Ewe, babu mai aiko mana da Ingilishi ko a takardar magani. Wata uku allon nan yana shan ruwan sama. Agbeko yana zaune a gindinsa ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana cinye mini doya yana cewa "tankiyu", in akuya ta wuce ya gaishe ta da Ingilishi don kada bakinsa ya yi tsatsa.

Sai ranar wata Talata mai babur ya hawo daga birnin Kpalime da wasiƙa, wai ta Mama Ablewa ce.

Mama Ablewa tsohuwa ce da gidanta ke kallon wurin suyata. Ɗa ɗaya ta haifa, Selom, ya tafi Ingila shekara talatin da suka wuce. Ya yi ta aiko da wasiƙu, ya rage, ya daina, shekara shida baya kuma aka aiko cewa ya rasu. Ko gawarsa ba ta gani ba. Da ta yage ambulan sai hoto ya faɗo a cinyarta: yarinya mai goshin Selom, da wushiryar Selom, tsaye kusa da wani dogon Bature siriri. Mama ta zaro takardar da ke ciki. Ta ce a kira mata Katikis Dodzi, mai wa'azin cocinmu.

Katikis ya zo da tabaransa, ya duba takardar sama da ƙasa, ya girgiza kai. "Mama, wannan ba hanyata ba ce, Ingilishi ne. Abin da na iya tsinta shi ne sunan yarinyar Delali, sai kuma kwanan wata: sha huɗu ga Agusta, Asabar ɗin nan ke nan. Shugaban makaranta, da ke ɗan jin Ingilishi, ya tafi hutu Lome. Gobe a ba wani ya kai Kpalime a karanta miki."

"A kai Kpalime?" Muryar Agbeko ce daga bayan mutane. Ya ratso taron da laimarsa a buɗe, ko yayyafi babu. "A kai Kpalime ina raye? Katikis, me na yi maka? Kawo nan."

Ya karɓi wasiƙar. Ya ce a ba shi kujera, aka ba shi. Ya ce maƙogwaronsa ya bushe, Ingilishi ba ya fita ta busasshen wuya, aka kawo masa ƙoƙon bammi. Ya yi ta motsa leɓe, gumi yana bin gefen malafarsa. Ni da na san shi tun yana tsirara na ga yatsansa yana tsallake layi yana komawa kan wasu kalmomi biyu, kamar kaza mai tsintar gero a cikin tsakuwa. Can fuskarsa ta washe.

"Wasiƙar nan ai wasan yara ce," ya ce. "Gaba ɗayanta a kan kalma biyu take tsaye: find out. Sau huɗu ta rubuta su. To ku saurara ku ƙaru. A Tema, idan cokali ya ɓace, ubangidana zai daka tsawa ya ce find. Wato nemo. Out kuma a jikin ƙofar fita aka rubuta ta da jan fenti. Wato waje. Ku haɗa su da kanku. Nemo a waje."

"A nemo me a waje?" in ji Mama.

"Ga shi nan. Room, ɗaki ke nan. Ta ce a nema mata ɗaki a waje. Turawa ba sa kwana ƙarƙashin kwano a ƙasar zafi, narkewa suke yi." Ya gangara da yatsa, sai ya miƙe tsaye har kujerar ta faɗi. "Jama'a! Road, hanya. Father, uba. Gold!" Ya rage murya yadda na ƙarshen taro ma zai ji. "Zinariya. Selom ya binne zinariya a waje, a bakin hanya, kafin ya tafi. Yarinya ta ce a nemo ta kafin Asabar."

"Selom?" Mama ta ce. "Da wando ɗaya ya bar garin nan, shi ma na kawunsa ne."

"Yauwa, Mama, kin kawo hujja da kanki. Mai zinariya zai sa wando biyu ne a gane shi?"

Katikis ya yi gyaran murya. "Ticha, a bi a hankali. Kalma biyu idan sun haɗu sukan haifi wata ma'ana daban. In aka ce mutum ya sha duka, a ƙoƙo aka zuba masa?"

"Wannan yaren ƙauye ne, Katikis. Ingilishi a miƙe yake kamar layin dogo. Abin da Bature ya faɗa, shi ya faɗa. Kai dai ka tsaya a kan Faransancinka na ta hanci."

Mama ba ta ji rabin wannan ba, idonta yana kan hoton. "Agbeko, abu ɗaya nake tambaya. Tana zuwa?"

"Ran Asabar, Mama."

"To a yi mata duk abin da ta ce. Ba ruwana da zinariya. Ba na so jikata ta taho daga uwa duniya ta tarar na ƙi jin maganarta ta farko."

Agbeko ya ninke wasiƙar ya cusa cikin malafarsa, ya ce takardar dukiya ba ta yawo a hannun kowa.

Kafin Laraba ta waye, labari ya zaga ƙauye ya dawo da ƙiba. Zinariyar da ta fita bakin Agbeko a dunƙule ɗaya ta dawo tulu bakwai. Babu namijin da ya je gonar koko ran nan. Kowa ya fito da diga, da shebur, da fartanya, wani ma da ludayin matarsa. Agbeko ya samo usur ya rataya a wuya, yana nuna ƙasa da tsinin laima.

"Nan! Find out!"

Ramin farko a ƙofar gidan Mama aka yi shi. Aka haƙa har ƙugu, aka fito da fasasshiyar tukunya da muƙamuƙin akuya.

"Alama ce," in ji Agbeko, yana juya ƙashin a rana. "A Gana duk inda aka binne zinariya sai an sa akuya gadi. Mun kusa."

Rami na biyu ya ce a ƙarƙashin murhuna yake.

"Taɓa kaskon nan ka gani," na ce, na ɗaga matsami da mai yana ɗiga.

"Da Enyo, shekara goma sha biyu kina zaune a kan dukiya kina soya doya. Ba ki taɓa jin ɗumi daga ƙasa ba?"

"Wuta ce, sakarai! Murhu ne!"

Ban rufe baki ba maza huɗu suka ɗauke ni da kujerata suka ajiye a gefe kamar buhun rogo. Suka haƙe wurin sana'ata tas. Abin da suka samu shi ne ɗan kunnena da ya ɓace tun auren fari, shi ma na roba. Agbeko ya miƙo mini shi da hannu biyu ya ce kada in gode masa, aikin ilimi ne.

Da la'asar aka koma gefen hanya bayan coci. Katikis ya fito a guje, rigarsa a karkace. "Ban da nan! Nan ƙasa ce mai tsarki!"

"Me ya sa kake gumi, Katikis?" wani ya tambaya.

Ai kuwa diga ta uku ta ce ƙwal. Aka ajiye kayan aiki aka koma tono da hannu. Sai ga tulu, bakinsa a liƙe da kakin zuma. Mata suka rangaɗa guɗa. Aka ruga aka taho da Togbe, sarkin ƙauyenmu, yana gyara mayafinsa a kafaɗa, ana buɗe masa hanya. Agbeko ya hau kan tarin ƙasa ya yi jawabi da Ingilishi, wanda duka-duka "gud monin" ne da "tankiyu" da "find out" ana jujjuya su. Togbe ya sa wuƙa ya ɓalle kakin.

Warin da ya taso sai da ya kori ƙudaje. Sodabi ce, giyar bammin nan mai ƙona maƙogwaro, wadda Katikis ya kwashe Lahadi uku yana tsine wa masu shanta.

Kowa ya juya ya dube shi.

"Maganin ƙafa ne," ya ce. "Shafawa nake yi."

"Allah sarki," in ji Togbe, ya kurɓa ya lumshe ido. "Ni ma ƙafar tana damuna."

A ranar aka gano cewa duk mazan Atsikope ciwon ƙafa gare su. Kafin magariba tulu ya koma fanko, masu haƙa suna waƙa, ramuka suna fita a karkace. Katikis ya shige gida ya ja ƙofa, bai sake cewa a kai wasiƙa ko'ina ba.

Ran Alhamis aka hau tsakiyar hanya, don Agbeko ya ce ya sake nazarin takardar, road ɗin ba gefe take nufi ba, tsakiya take nufi. Wajen hantsi wani ƙato ya ɗaga diga ya sauke, sai ƙasa ta yi tsartuwa. Ruwa ya yi sama ya fi mangwaro tsawo. Bututun da ke kawo mana ruwa daga kan dutse zuwa famfon kasuwa ne ya fasa.

"Madalla!" Agbeko ya busa usur, ruwa yana dukan laimarsa. "Da ruwa ake wanke zinariya! Selom ya yi tanadin komai!"

Matan da ke layin famfo da bokitai ba su ga tanadi ba. Suka taho a fusace, wata mai sayar da kifi, Da Sename, a gaba, ɗankwali a ƙugu.

"Ticha, da me zan wanke kifina?"

"Ga ruwa nan kyauta har sama, madam."

"Kwata ce wannan!"

"Ran Asabar da ruwan kwalba za ki wanke shi."

Ta kifa masa bokiti a ka, a kan malafar. Ya cire shi a natse, ya fara duba wasiƙar ko ta jiƙe, sannan ya gaya wa maza cewa haka jahilci yake yi in ya ga ilimi. Zuwa yamma hanyar Atsikope ta zama fadama mai ramuka goma sha tara. Aladen Togbe ya faɗa babban cikinsu, ya ga wurin ya yi masa, ya ƙi fitowa.

Ran Juma'a na je wurin Mama tun da safe. Na tarar ta kwana tana shara, ta wanke tukwane, ta ɗaure kaji uku.

"Mama, ƙanena ne, amma ban yarda da karatun nan ba. Bari in ƙwace takardar in shiga motar kasuwa in kai Kpalime."

Ta ce, "Je ki, 'yata."

Na ɗaura zane na fita bakin hanya. Motar kasuwa ta hawo har kwanar farko, direba ya leƙo ya ga abin da ke gabansa, ya yi salati irin nasu na direbobi, ya juya da baya ya gangara. Hanyar Kpalime ta rufe, Agbeko ya rufe ta da hannunsa.

Shi kuwa yana can ya shiga aikin ɗakin waje. Gadon ƙarfen Mama, na aurenta, shi ya ce za a fitar. Gado ya ƙi bin ƙofa. Aka cire ƙyaure, ya ƙi. Aka juya shi a tsaye, ya ƙi.

"Da ya shiga ta ina ya shiga?" na tambaya.

"A ciki aka haɗa shi," in ji Mama. "Ƙusoshin sun yi tsatsa."

"A fasa bango," in ji Agbeko.

Aka fasa. Mama ta juya baya don kada ta gani. Aka kafa gado a gindin mangwaro, aka ɗaura gidan sauro a reshe, aka rataye madubi a kututture, aka ajiye fo na fitsari a ƙarƙashi. Mama ta fito da zanenta na kente da ba ta taɓa ɗaurawa ba sai ranar bikin doya, ta shimfiɗa a kai, ta shafe shi da tafin hannu. Ko minti goma ba a yi ba kaji suka hau suka zauna a jere kamar su aka yi wa.

Da yamma Togbe ya aiko a kira Agbeko. Ciwon ƙafarsa ya warke, ciwon kai ya maye gurbinsa. "Ticha, gobe baƙi za su zo. Zinariya babu, ruwa babu, hanya babu. Ban yarda su ga garina haka ba. Ka rufe ramukan nan."

"Togbe, in aka cike su aiki ya koma baya. Bari in yi musu rufin wucin gadi irin na injiniyoyin Tema."

Rufin injiniyoyin Tema ganyen kwakwar manja ne a shimfiɗe a bakin rami, an barbaɗa ƙasa a kai. Ya yi shi da kyau, wannan kam ba zan musa ba, har ramin da alade ke ciki ya rufe. Ya yi kyau har shi kansa ya kasa tuna inda ramukan suke.

Asabar da hantsi duk ƙauye yana bakin hanya. Makaɗa sun jera ganguna, Mama tana zaune a kujera da farin ɗankwali, ta riƙe hoton a ƙirji. Agbeko ya sa kwat ɗin aro wanda hannunsa ya tsaya a gwiwar hannu. Hadari yana haɗuwa a kan dutse.

Sai ga wata farar mota tana hawowa a hankali. Ta tsaya a kwana, direba yana duban hanyar da shakka.

"Ku bar ni da su," in ji Agbeko. Ya ruga gaba yana kaɗa laima. Ya so ya ce su dakata a nan, sai dai kalmar tsayawa ba ta cikin kayan da ya taho da su daga Tema. Abin da ya zo bakinsa shi ya saki. "Kam! Kam! Kam!"

Direba ya ji an ce taho, ya taho. Ganyen kwakwa ya ce ƙaras, ƙafar gaba ta nutse, mota ta durƙusa kamar raƙumi, gindinta a sama. Makaɗa suka tsaya da hannu a iska. A daidai nan sama ta tsage da ruwa.

Ƙofar baya ta buɗe, dogon Baturen nan na cikin hoto ya zuro ƙafa, ya yi murmushi, ya ɗaga hannu zai gaishe mu, ya taka ƙasa, ya ɓace har ƙugu.

"Ina zuwa, sa! Gud monin, sa!" Agbeko ya yi tsalle zai cece shi, ya dira a kan wani rufin nasa. Wannan shi ne babban ramin, mai ruwan famfo. Muka ji tsulum, muka ji alade ya yi ƙara, sannan malafa ta taso ita kaɗai tana yawo a kan ruwa.

Ta ɗaya ƙofar wata yarinya ta fito. Ta dubi caɓin, ta cire takalmanta ta riƙe a hannu, ta ratsa tsakanin ramuka ba ta ko dubi ƙasa ba, don idonta yana kan tsohuwar da ta miƙe daga kujera. Mama ta ce, "Selom," sau ɗaya, a hankali. Delali ta saki takalman ta faɗa jikinta. Suka tsaya cikin ruwan nan, wannan tana kuka da Ingilishi, waccan tana kuka da Ewe, babu mai neman tafinta. Ni kaina sai da na goge ido da bakin zane.

Aka jawo Baturen, sunansa Norman, mijin Delali. Laka har aljihu, amma dariya yake yi kamar an ba shi kyauta. Agbeko kuwa ya leƙo daga raminsa, tabarau a kunne ɗaya, alade yana shinshinar wuyansa. Togbe ya nuna shi da sanda ya ce wa baƙi, "Ga Tichanmu, shi ya karanta mana takardarku."

Direban, wani mai furfura a gemu da ake kira Fo Atsu, mutumin Aflao ne a bakin iyaka, yana jin Ewe da Faransanci da Ingilishi kamar ruwa. Ya juya wa Delali maganar Togbe. Ta matso bakin rami ta sunkuya ta yi wa Agbeko magana mai tsawo da fara'a, ta ƙare da alamar tambaya.

Agbeko ya gyara kwat. "Yes," ya ce. "Gud monin. Find out."

Ta sake tambaya a hankali.

"Tankiyu. Find out, madam."

Fo Atsu ya dafa motarsa don kada ya faɗi. "Tambayarka take ko ka ji ciwo, malam."

"Na ji ta. Ingilishinta na cikin hanci ne, na Tema ya fi fita."

"A ciro takardar nan," in ji Togbe. Aka sa sanda aka jawo malafa. Wasiƙa ta jiƙe a gefe amma tana karantuwa. Aka koma rumfar kasuwa saboda ruwa, aka bar Agbeko a inda yake, don Togbe ya ce daga can ma zai ji.

Fo Atsu ya karanta a ransa, ya dubi gadon da ke shan ruwa a gindin mangwaro da kaji a ƙarƙashinsa, ya dubi hanya, ya ce, "Wa ya ce muku find out nema a waje ne?"

Hannu fiye da hamsin suka nuna rami.

"To ba ruwanta da waje. In sun haɗu, ma'anarsu ganowa, ko bincikawa, ko a tambayo a ji yadda abu yake. Ta farko ta ce: sai bara, cikin takardun babana, na gano cewa kakata tana raye. Ta biyu ta ce: don Allah a tambaya mini ko akwai ɗakin da ni da mijina za mu sauka."

"A cikin gida?" in ji Mama.

"A cikin gida, Mama, kamar mutane. Ta uku ta ce: a bincika mana ko hanyar ƙauyen tana da kyau, mota za ta iya hawa."

Kowa ya juya ya dubi motar da ke durƙushe, ruwa yana gudu ta ƙarƙashinta.

"Ran Talata tana da kyau," in ji Da Sename.

"Zinariyar fa?" wani ya yi ihu daga baya. "Ina zancen zinariya?"

Fo Atsu ya sassauta murya. "Ita ce ta huɗu. Ta ce: babana kullum yana cewa zuciyar uwarsa zinariya ce, shi ya sa nake so in zo in gani da kaina."

Mama ta rufe fuska da ɗankwali. Da ta buɗe, dariya take yi hawaye yana zuba. "Ɗan banzan yaro," ta ce. "Shekara ashirin a gabana bai taɓa faɗa mini ba."

Fo Atsu ya kwashe labarin haƙa da tulu da gado ya ba baƙi. Delali ta zauna a kan buhun gawayi tana riƙe ciki. Norman ya fita cikin ruwa har bakin rami, ya miƙa wa Agbeko hannu, ya faɗa masa wata magana yana ƙyalƙyala. Muka ji "found out" a ƙarshenta.

"Kun ji!" Agbeko ya yi ihu. "Shi ma ya faɗa!"

"Wannan kuma wata fuska ce tata," in ji Fo Atsu. "In aka ɗora ta a kan mutum, to an gano shi ke nan. Cewa ya yi asirinka ya tonu."

"Tsaya, direba. An same ni ko ba a same ni ba?"

"An same ka."

"A ɗaki aka same ni ko a waje?"

Togbe ya ɗaga sanda, sai da mutum biyu suka riƙe shi. Ya yanke hukunci a tsaye: ramuka goma sha tara Agbeko zai cike su shi kaɗai, ya ɗinke bututu, ya tayar da bangon Mama, ya mayar da gado ta inda ya fito, kuma allon nan na jikin mangwaro a ba ni in hura wuta da shi. Maza suka taru suka ciccibo mota, kowa yana cewa shi dama tun farko bai yarda ba.

Da azahar ruwa ya ɗauke. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gidan Mama, aka daka fufu, aka sauke miyar kaji. Delali tana manne da kakarta, ana koya mata yanko loma da yatsu, Norman yana hawayen barkono yana neman ƙari. Ana cikin haka sai ga Agbeko, ya yi wanka, ya sake ɗora malafar a jiƙe. Ya ratsa mutane ya zauna a gefen Norman kamar an ajiye masa wurin, ya ce wa na kusa da shi dole a samu mai ilimi kusa da baƙo. Ya miƙa hannu ya ɗauki cinyar kaza mafi girma.

Mama ta dube shi. Ta yafito Fo Atsu, ta yi masa raɗa, ya yi mata raɗa. Ta maimaita a bakinta sau biyu. Sannan ta miƙe, ta ɗauki taɓaryar fufu, ta tsaya a kan Agbeko, ta yi Ingilishinta na farko a duniya.

"Get out."

Da Sename ta ce, "Ticha, fassara mana."

Agbeko ya dubi taɓarya, ya dubi ƙofa. "Wannan kam na san ta sarai," ya ce. "Da ita aka sallame ni daga Tema."

Ya miƙe ya fita da sauri, cinyar kazar tana hannunsa.